Abincin Firiza da Rage Ƙiba: Na Gida Ko Na Kanti?

Tun da na sauke kilo 11 cikin shekara ɗaya da ƴan watanni, da wuya in je biki ko suna a nan Bauchi ban samu wadda ta ja ni gefe ba. Yawancinsu sunan wani shayin rage tumbi suke jiran in ambata. In na ce musu ai firizar da ke lungun kicin ɗina ce da ɗan sikelin awo, sai su ɗauka rowa nake yi. To ga tambayoyin da aka fi yi mini, kusan yadda aka yi su, da amsar da nake bayarwa in an samu lokacin zama.

Anti, kada ki ja ni da nisa. Na gida ko na kanti, wanne ya fi wa mai son rage ƙiba?

Na gida, in an auna shi. In ba a auna ba, na kanti ya fi shi, ko da maganar ba za ta yi wa gwanayen girki daɗi ba. Abincin kanti yana zuwa da abu biyu da tukunyarki ba ta da su: iyaka da lissafi. Kwali in ya ƙare ya ƙare, babu ƙari, kuma an rubuta abin da ke cikinsa a baya. Tukunya kuwa ba ta taɓa cewa ya isa haka. Duk wahalar da nake sha ranar Asabar, daga cefanen kasuwar Muda Lawal zuwa jera robobi, don in sama wa abincin gida waɗannan abubuwa biyu ne. Da zarar ya same su ya yi wa na kanti nisa: ya fi arha, ya fi riƙe ciki, gishirinsa a hannunki yake, kuma shi harshenki ya saba da shi, don haka za ki iya jure shi wata shida, ba sati biyu ki watsar ba.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Lokacin da kike raba abinci a roba, a ƙoshe kike, hankalinki a kwance. Wadda ta sauko daga Keke Napep ƙarfe huɗu na yamma, rana ta gama gasa ta, ba ta karya da kirki ba, in ta riƙe ludayi wata mace ce daban. Gara mai ƙoshi ta zuba wa mai yunwa.

Wai shi abincin kantin da ake magana a kai, ina yake? Ni kaji da kifi kawai nake gani a firizar shaguna.

Kin yi gaskiya, kuma nan ne shawarar da ake kwasowa daga intanet take rikita mutane. Asalin abin na Amurka ne. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya zauna a yankin Labrador da ke Kanada a yau, ya ga kifin da ya daskare nan take cikin tsananin sanyi yana dawowa kamar sabo in an narkar da shi. A shekarun 1920 ya ƙera na'urar daskarwa cikin sauri. A farkon shekarun 1950 kamfanin Swanson ya yaɗa cikakken abinci a faranti, nama da dankali da ganye, a dumama kawai a ci. A 1981 aka fito da Lean Cuisine don masu kula da nauyinsu, akasarin kwalayensa ba su kai kalori 400 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). In kin ji Baturiya na cewa abincin firiza ya taimaka mata, irin wannan take nufi.

Mu abin da ke firizar kantunanmu daban ne: kaza, kifin ƙanƙara, sosej, samosa, sifirin rol, yankakken dankalin turawa na suya, koren wake da karas, wani lokaci fiza. Cire kaza da kifi da kayan lambu, kusan duk sauran sai sun yi wanka a kaskon mai kafin su ciyu. Kayan kwaɗayi ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa don rage ƙiba aka yi su.

Sai kashi na uku, wanda shi ne ya fi kama da abincin kanti a wajenmu: matan da ke dafa miya da soyayyar shinkafa su sayar lita-lita ta WhatsApp. Allah ya sa wa sana'arsu albarka, sun rufa wa ma'aikata da yawa asiri. Sai dai mai sayarwa so take ki dawo, abin da ke dawo da mai saye kuwa mai ne da ɗanɗano. Babu takarda, babu lissafi. In dole sai kin saya, ki roƙe ta ta rage mai, ki sa miyar a firij ta kwana, da safe ki kwashe abin da ya taso sama.

Kalori nawa ya kamata in ci, kuma nawa ke cikin abincinmu?

Abin da ake ɗauka a matsayin tsaka-tsaki shi ne kusan 2,000 a rana ga mace, 2,500 ga namiji, amma tsawo da shekaru da irin aikin mutum suna ɗaga shi ko sauke shi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kusan kalori 7,700, shi ya sa rage 500 a kullum yake sauke wajen rabin kilo a mako, musamman a farko. Daga baya saukar takan yi nawa.

Lambobin da na haddace kaɗan ne. Giram ɗaya na sitaci ko na abinci mai gina jiki kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuwa 9. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100, kusan 130. Ɗanyarta kusan 360. Dafaffen wake giram 100, wajen 115. Ƙwai ɗaya, 70 da ɗoriya. Ƙirjin kaza ba fata, dafaffe, 165 a giram 100. Gyaɗa ta haura 560 a giram 100, abin da masu son miyar gyaɗa da ƙuli ya kamata su sani. Ƙaramin cokalin suga 16. Lemon kwalba na santilita 35, kusan 150.

Sai uban tafiyar: babban cokali ɗaya na mai, kalori 120. Man gyaɗa, manja, man waken suya, har man zaitun da ake saya da tsada ana jin an tsira, duk kusan ɗaya suke a wannan lissafi.

Ta yaya zan san kalorin da ke cikin miyar da na dafa da kaina?

Ki lissafa tukunya gaba ɗaya, ki raba da adadin robobi. Shi ke nan.

Ɗauki jar miya. A ce kin zuba mai rubu'in lita, wanda a gidaje da yawa ba a ma ganin an yi ɓarna: kalori kusan 2,000 ke nan. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa kilo 2, wajen 500. Dafaffen naman kaza ba fata kilo 1, 1,650. Jimla 4,150. Raba gida 10, kowace roba 415, tun ba a zuba shinkafa ba. Yanzu ki sake dafa miyar nan da mai babban cokali 6, wato 720. Jimla ta dawo 2,870, kowace roba 287. Ki haɗa da dafaffiyar shinkafa giram 150, kusan 195, kin sami abincin rana da bai kai 500 ba, da nama a ciki, ga wurin da za ki cika da kabeji ko dafaffen zogale.

Ki lura ban taɓa tumatir ba, ban rage nama ba. Hannun da ke karkata galan kawai na riƙe. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ni kuwa na gwada nawa idon ranar da na sayi sikeli: abin da nake kira “ɗan mai” ya haura cokali 12. Tun daga ranar galan ba ya zuwa bakin tukunya, cokali ne ke kai saƙo.

Lissafin sau ɗaya ake yin sa ga kowace miya. Ki rubuta a littafi. In kin riƙe awo ɗaya, lambar ba za ta canja ba sai kin canja girkin.

Miyar da ba mai ai ba ta da maraba da ruwan wanke kwano.

In an zuba markaɗe cikin ɗan mai aka ƙara ruwa nan take, haka ne. Ki fara dafa markaɗen shi kaɗai har ruwansa ya tsotse, tsaminsa ya mutu, ya yi kauri kamar ƙullu. Sannan ki soya albasa a ɗan man da kika auna, ki juye. Daddawa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da garin busasshen kifi su za su ɗauki nauyin da mai yake ɗauka. Ruwan nama kuma ki bar shi ya kwana a firij, kitsen zai daskare a sama kamar faifai, ki ɗaga shi ki ajiye gefe. Mahaifiyata ta ce wannan almubazzaranci ne. Har yau ba mu daidaita a kai ba.

In na sayi na kanti, me zan duba a jikin ledar?

Da farko ki duba ko lambar kalorin da aka rubuta ta giram 100 ce, ko ta rabon mutum ɗaya, ko ta ledar duka. Nan ake kayar da mutane. Leda ta ce 250, ki cinye ta, ashe rabon mutum uku ne a ciki. Za ki ga kcal da kJ. Kcal ita ce kalorin da muke magana, kJ kuwa sai an raba ta da 4.2. Abin da za a soya, lambar ba ta haɗa da man da zai sha a kaskonki ba.

Sai gishiri. Sau da yawa sodiyam ake rubutawa. Ki ninka shi sau biyu da rabi ki sami gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, wato sodiyam miligiram 2,000. Kwalin abinci ɗaya yana iya ɗauke da sodiyam miligiram 600 zuwa sama.

Ki nemi lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa. Kayan da aka shigo da su daga waje, musamman sosej da fiza, ki karanta jerin abin da aka haɗa, don ana sa naman alade a wasu. Daskararrun kaji na waje ma suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, don haka wadda kika gani ta ɓarauniyar hanya ta biyo, kuma ba wanda zai ba ki tabbacin sanyin da ta samu a tafiya.

Ki kuma shafa ledar da hannu. Koren wake ya kamata ya riƙa motsi ɗai-ɗai kamar tsakuwa. In ya dunƙule ya zama dutse guda, ko kin ga jan ruwa ya daskare a gindin ledar kaza, ko kwali ya lanƙwashe da alamar jiƙa, abin ya narke an sake daskarar da shi. Ki mayar musu.

Lambar da suka rubuta, gaskiya ce?

Kusa da gaskiya ce. A Amurka doka ta bar wa kamfani sararin kuskure har kashi 20 cikin 100. Masu bincike a Jami'ar Tufts sun auna irin waɗannan abinci a 2010, suka samu na firiza sun ɗara abin da aka rubuta da kusan kashi 8 cikin 100 a matsakaici. Kwalin da ya ce 300 yana iya zama 325. Wannan kuskure bai kai rabin na matar da ke zuba mai da ka ba.

To in kalorin ɗaya ne, me ya sa kike fifita na gida?

Saboda yunwar da ke biyo baya. Kwalin kalori 300 ɗan mitsitsi ne, bai cika tafin hannu biyu ba. Ƙarfe biyar za ki tsinci kanki gaban mai awara ko mai masa, kuma duk wanda ya san masar Bauchi ya san ba a cin biyu a tashi. Kalori 300 ɗin nan in faten wake ne da alayyafo, kwano guda ne cur, kuma zai kai ki magariba.

Akwai wani gwaji da Kevin Hall da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Mutum 20 aka ajiye wata guda. Sati biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, sati biyu abincin da bai sha sarrafawa ba, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka sauke kusan haka. Ba su yi niyyar cin da yawa ba. Abincin ne ke wucewa da sauri kafin ciki ya aiko da labari.

Amma kada na gida ya yi ta ɗaga kai a kan gishiri. Dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Mai jefa takwas a tukunya ɗaya, ta bi da gishiri, ta bi da garin ɗanɗano, ba ta da bakin zagin kamfani.

Duk wannan daɗin baki ne in babu wuta. Unguwarmu sai a yi kwana biyu ba a kawo ba.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce bambancinmu da masu rubuta shawarar daga ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Abinci yana zama lafiya a digiri 18 ƙasa da sifili. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci yake sa su. Da zarar abinci ya hau tsakanin digiri 5 zuwa 60, sun farka sun kama hayayyafa.

Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta. Mai rabin kaya, kusan awa 24. Firij na tsaye kuwa awa 4 kacal. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke dosar digiri 40, ki rage wa waɗannan lambobi wani abu. Saboda haka duk gurbin da babu abinci ki cike shi da gorunan ruwa su daskare. Su ne batirinki. Firizar kwance mai murfi a sama ta fi ta tsaye, don sanyi ƙasa yake kwanciya, ba ya zubowa in an buɗe. Ki hana yara buɗe ta neman ruwan sanyi. Ki raba ta da bangon da rana ke duka.

Ki san rukunin da layinku yake. A tsarin da hukumar kula da lantarki ta shimfiɗa, Band A awa 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A kan takarda ke nan. Ke kin fi kowa sanin abin da ke isowa gidanku. In abin da kuke samu bai kai awa 8 ba, kuma babu sola ko janareta, kada ki yi girkin wata guda. Yi na kwana huɗu ko biyar.

Ga wata dabara ta masu tafiya: ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora tsohon kwabo ko ɗan dutse a kai, ki bar shi a firiza. In kin dawo kika tarar da shi a gindin kofi, komai ya narke ya sake daskarewa a bayanki, ko da yanzu ya yi tauri kamar ƙarfe.

Lokacin da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa a ƙarshen Oktoban 2024, aka haura mako ana duhu, robobi 23 ne a firizata. Kwana biyu ina sayen ƙanƙara, har ta yi tsadar da ba ta da ma'ana. A rana ta uku na raba wa maƙwabta tun da sauran sanyi a jikinsu. Tun daga nan ba na ajiye abin da ya wuce na sati biyu, kuma na koma girmama dabarun kakanninmu: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, busasshen zogale da rama, banda, daddawa. Ba ruwansu da NEPA, kuma kusan dukkansu ba su da kalorin a zo a gani.

In ya narke, zan iya mayar da shi?

In da sauran ƙanƙara a jikinsa, ko yana da sanyi irin na firij, za ki iya, sai dai daɗinsa zai ragu. In ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi fiye da awa 2, a zubar. Kada ki dogara da hanci. Abin da ke kwantar da mutum a asibiti sau da yawa ba ya wari. Wannan ma wani dalili ne na yin ƙananan robobi, kowace ta ci ɗaya. Mai daskarar da miya a bokiti guda, kullum ta fito da shi ta sassaƙa ta mayar, ita ce ke wasa da lafiyar gidanta.

Wane abinci ne ke jure firiza, wanne ne ba ya yi?

Jar miya, miyar taushe, miyar agushi, miyar gyaɗa, farfesu, faten wake, alale, dambu da dafa-duka duk suna dawowa lafiya. Miyar kuka da ta kuɓewa kuwa yauƙinsu yakan tsinke. Abin da nake yi, in daskarar da ruwan miyar da namansa da daddawarsa, ranar ci in tafasa in kaɗa kuka sabuwa. Minti biyar ne.

Tuwo ba na sa shi. Na masara yana fitowa yana ɓarɓashi yana tsatsar ruwa, na shinkafa ya ɗan fi shi haƙuri amma bai kai ɗumamen da ya kwana ɗaya ba. Tuƙa malmala guda ba aiki ba ne, kuma ki auna garin ko shinkafar tun tana ɗanya. Dafaffen ƙwai farinsa yana zama roba. Dankalin turawa a cikin miya yana dagargajewa. Latas da kokwamba kada ma a fara.

In kin sauke, kada ki bar tukunya ta huce da kanta har dare. Raba a ƙananan robobi marasa zurfi, ko ki tsoma gindin tukunyar a baho mai ruwan sanyi. Cikin awa 2 ya shiga sanyi. In ana tsananin zafi, awa 1. Ki bar ɗan sarari a saman roba don ruwa yana kumbura in ya daskare. Ki manna takarda: sunan abinci, kwanan wata, kalori. Wata biyu zuwa uku ne iyakar daɗinsa ko da wuta ba ta taɓa ƙiftawa ba. Wajen dumamawa ki juye a tukunya ko kwanon tangaran, ya tafasa har tsakiya yana tururi, kada ki dumama a cikin siririyar robar nan ta sayar da abinci.

An ce shinkafar da ta kwana a sanyi kalorinta yana raguwa.

Da ƙamshin gaskiya. In dafaffiyar shinkafa ta huce, wani ɓangare na sitacinta yana rikiɗa ya zama wanda hanji ba ya narkarwa da sauƙi, kuma sukarin jini bai cika tashi da sauri ba. Amma ragin kaɗan ne, bai kai ki ƙara ludayi saboda shi ba. Abin da ya fi muhimmanci game da shinkafa shi ne wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. In shinkafa ta daɗe a ɗumi tana fitar da dafin da sake dumamawa ba ya karya shi. Shinkafar da ta yini a kula, ba ita ake sa wa a firiza ba.

Na daina shinkafa na koma acca da alkama, amma sikeli bai motsa ba.

Ba zai motsa don wannan kaɗai ba. Acca, wadda ake nomawa a wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Filato, abinci ce mai kyau, haka alkamar da ba a cire mata dusa ba. Amma a ɗanyensu giram 100 duk suna nan kusa da shinkafa, tsakanin 340 da 370. Faten acca da ganye ya cika shi zai taimaka miki saboda ganyen da ruwan. Tuwon alkama malmala biyu kuwa malmala biyu ne.

Firiza ba ta kashe amfanin abinci?

A'a. Ana ɗan asarar bitamin C wajen dahuwa da ajiya, sauran kusan duk suna nan. Alayyafon da aka daskarar ranar da aka sayo shi ya fi wanda ya kwana uku a kwando yana yaushi. Daskararren koren wake da karas na kanti ma ba su da laifi. Su ne abin da na fi saya a can.

Hajiya, ni gwauro ne, ɗaki ɗaya nake haya a Yelwa, ƙaramin firij gare ni. Ina ruwana da wannan?

Malam, da ruwanka. Ɗan akwatin ƙanƙarar da ke saman ƙaramin firij ba ya kai sanyin firiza, don haka ka ɗauka firij kawai gare ka: kwana 3 zuwa 4 in wuta na zama. Ka yi girki sau biyu a mako, Lahadi da Laraba, tukunya ɗaya ta wake ko jar miya, ka raba uku tun tana kan wuta. Abin da ke ƙara wa irinku nauyi ba a firij yake ba ma: indomi biyu da ƙwai uku wajen mai shayi ƙarfe goma na dare, da shayi mai kauri. In akwai robar wake tana jiranka a ɗaki, ƙafarka ba za ta kai ka can ba kullum.

Da azumi fa? Nan ne nake maido duk abin da na sauke.

Ba ke kaɗai ba. Tun Sha'aban ake cika firiza da samosa da sifirin rol, kowace yamma a ɗora kasko. In za ki yi su, ki shafa musu mai da buroshi ki gasa a oven, kuma ki ƙirga na kowa tun wajen ɗaurawa a leda. Ni abin da nake tanada farfesun kaza ko na kifi ne, da alale, da ruwan miya. In an sha ruwa, dabino uku, ruwa, farfesu mai zafi, sai sallah. Wanda ya dawo daga sallah da ɗan abu a cikinsa ba ya afka wa faranti kamar wanda ya zauna tun kiran farko. Kunu da zoɓo kuma a kawo su ba suga, kowa ya sa nasa da cokali yana gani.

Baba yana da hawan jini da ciwon suga, ƙanwata kuma tana jego. Su ma su bi wannan tsari?

Baba zai amfana da abincin gida da aka rage wa gishiri da magi fiye da kowa, kuma sosej da sauran naman kanti a nisanta shi da su. Amma mai shan maganin suga ko mai yin allurar insulin, in aka rage masa abinci ba a gyara magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Ku je da shi wurin likitansa kafin a taɓa kwanonsa. Mai shayarwa kuwa ƙarin abinci jikinta ke nema, wajen kalori 400 zuwa 500 a rana. A cika mata firiza da farfesu da miyar ganye don ta huta da girki, maganar rage ƙiba a bari sai yaro ya yi ƙwari.

Maigida ya ce shi ba zai ci abincin da ya kwana ba, yara kuma suna kwashe mini robobi.

Kada ki yi girki biyu, ba za ki ɗore ba. Tukunya ɗaya ce. Ki dafa da ɗan man da kika auna, ki kwashe naki a robobi, sannan ki soya albasa a mai ki ƙara wa sauran in haka suke so. Shi a tuƙa masa sabon tuwo, a kaɗa masa sabuwar kuka a ruwan miyar da ya fito daga firiza. Nawa ya shekara yana cin haka yana yabawa kafin ya gane, ranar da ya buɗe firiza neman ƙanƙara ya ga an rubuta “ruwan kuka, 12 ga wata”.

Yara kuwa na gwada faɗa, na gwada ɓoyewa a ƙarƙashin ledar kifi, duk a banza. Abin da ya yi aiki shi ne rubutun jikin robar. Wadda aka rubuta wa “dafa-duka da kaza” ba ta kwana biyu. Yanzu duk robobina “faten ganye” nake rubutawa, da wata ƴar alama a gefe da ni kaɗai na san ma'anarta.